Amanar mai rage nauyin hoto

Sana'ata a Sagnarigu cike wa mutane fom a kwamfuta. Shagona ba shi da nisa da kwalejin horon malamai ta Bagabaga, kuma rabin aikina na yini rage nauyin hotuna ne. Ga mai neman gurbin karatu, ga mai neman aiki, ga maniyyaci, musamman tun 2016 da alhazanmu suka fara tashi daga filin jirgin Tamale ba sai sun gangara Akra ba. Kowa ya zo da hoto mai megabait uku ko huɗu a waya, fom kuwa ya ce kilobait ɗari ko ɗari biyu yake karɓa. In matse, fom ya karɓa, a biya ni 'yan sidi. Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: abin da na zubar daga hoton nan, wa ya yanke hukuncin cewa ba shi da amfani?

Hoton waya mai ɗigo miliyan 12, da za a ajiye kowane ɗigo da launinsa ba wata dabara, megabait 36 zai ci. Ke nan tun kafin ka ga hotonka wayar ta riga ta rage shi kusan sau goma. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya riƙe babban fasali, ya watsar da ƙananan bambance-bambance. Masu tsarin sun lura idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, don haka launi ne ke fara shan aski. Sau da yawa launi ɗaya ake ajiye wa ɗigo huɗu. Abin da ya tafi ya tafi, kuma in aka sake matse hoton sai ya ƙara lalacewa. Akwai kuma irin su PNG da ba su zubar da komai, sai dai sun fi nauyi. Wannan kamar ninke batakari ne a sa a jaka, wancan kamar sa masa almakashi don jakar ta rufu.

Ba na cikin masu cewa kada a rage. Wanda ya tura wa mahaifiyarsa a wani ƙauyen Kumbungu hoton jika mai megabait biyar, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, bai kyauta mata ba. Datar da ta saya da kuɗin man kaɗanyarta ce za ta ƙone. Makarantar da ta lafta wa shafinta manyan hotuna ta rufe ƙofa ne ga talaka. A nan ragewa tausayi ne, barin nauyin kuma almubazzaranci da dukiyar wani.

Amma malamanmu sun riga mu isa wannan mahaɗa da fiye da shekara dubu. A Basra an yi manyan tabi'ai biyu da suka rasu a shekara guda, ta 110 bayan Hijira. Muhammadu ɗan Sirin yana ganin a ruwaito hadisi da lafazinsa yadda aka ji. Hasanul Basari ya yarda a ruwaito da ma'ana. Mafi yawan malamai sun bi sauƙin, amma da sharaɗi mai tsauri: sai wanda ya san harshen, ya san abin da in an taɓa shi ma'ana za ta juya. Haka suka faɗa game da taƙaita hadisi, kada a yar da ɓangaren da sauran maganar ta rataya a kansa. Alƙur'ani kuwa ba a buɗe wannan ƙofa gare shi ba sam. Harafi harafi ne, wasali wasali.

Duk wanda ya zauna a zaure ya bi Ahalari da Iziyya da Risala har ya leƙa Muhtasar ya san daɗin taƙaitawa da wahalarta. Shehu Halil, mai Muhtasar ɗin, ya matse fiƙihun Malikiyya a Misra a ƙarni na 14 har almajiri zai iya haddace shi, amma matsewar ta yi tsananin da sai da Dardiri ya yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya yi wa sharhin hashiya. Abin da ya ceci Muhtasar shi ne manyan littattafan da ya ɗebo daga cikinsu, irin su Mudawwana, suna nan, ana komawa gare su.

Na'ura ba ta cika sharaɗin malaman nan ba. Ba ta san ma'ana ba, girma kawai ta sani. Duk abin da yake ƙarami a wurinta abin zubarwa ne. A fuskar mai neman aiki wannan ba komai, 'yan ƙuraje ne za su ɓace, shi ma ya gode. A shafin rubutun hannu kuwa ƙaramin abu shi ne maganar.

Wani dattijo ya kawo mini hoton shafi daga kundin mahaifinsa, hoton ya yi yawo daga waya zuwa waya har ya dawo masa, almajirai suna gardama a kan wata kalma.

"Yaro, buɗe mini shi da girma in gani."

"Baba, ko na buɗe ba zai dawo ba. Ɗigon ya narke. Ina takardar take?"

Takardar tana gida cikin gafaka, kuma ita ta raba gardamar. A rubutunmu na Magaribi, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Haruffan ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma ɗigo ne kaɗai ke raba su. Wasulla kuma da jan tawada marubuta ke sa su, ga shi launi ne abin da matsewa ke fara ci. Sai ka ga baƙin rubutu ya tsira, jan ya zama dusu-dusu, mai karatu ya cike gurbin da zato, ya kuma rantse haka malam ya rubuta.

Wannan yanki ba ƙananan takardu gare shi ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajamin Hausa. A shekarun 1960 cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafin takardu da yawa daga hannun malaman arewa. Sauran suna nan a gidaje, gara da damina suna yi musu aiki, kuma yau jikoki ne ke ɗaukar su a waya. Niyyarsu kyakkyawa ce. Tsorona shi ne a wayi gari takardar ta tafi, abin da ya rage hoton da aka matse sau biyar ne, babu Mudawwanar da za a koma.

Don haka hukuncina a shago kashi biyu ne. Hoton fom, hoton biki, hoton kayan sayarwa, ina ragewa ba fargaba, in gaya wa mai shi na rage, in bar masa na asalin. Shafin Alƙur'ani, wasiyya, takardar fili ko lissafin gado, ba na matsewa sai na ajiye cikakken a wuri biyu, kuma sai na karanta wanda na rage da idona, ɗigo bayan ɗigo.

Kai mai kundin kaka a ɗaki, ɗauki hotonsa da rana a inuwa mai haske, shafi ɗaya hoto ɗaya. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don ta nan yake isa yadda yake. Kuma kada ka goge na asalin don wayarka ta cika.