Lifidin Da Ba Ya Zuwa Yaƙi

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi wa masu tunani kai-kawo a zuci. In mutum ya zauna ya yi wani abu bisa kamannin wani abu na da, alhali buƙatar da ta haifi na dan ta riga ta gushe, me ya yi ke nan? Ya adana tarihi ne, ko kuwa ya yi wa tarihi ƙarya? Mai karatu yana iya cewa wannan tambayar marasa aikin yi ce. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa, ko a Daura lokacin Sallar Gani da Hawan Magajiya, ko a Katsina, ko a Kano, ya ga 'yan lifida sun wuce, to ya riga ya ga tambayar da idonsa, ko da bai ba ta suna ba.

Lifidi, ga wanda bai sani ba, wani irin bargo ne mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Akan sami ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi a tsakaninsu, a bi da allura da zare a ɗinke layi-layi domin kada audugar ta dunƙule wuri guda. A sama kuma sau da yawa akan jera ƙyallaye masu launi daban-daban, ja da ɗorawa da baƙi da fari. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke domin yaƙi. Aikin lifidi shi ne ya tare kibiya kafin ta kai ga nama. Yana da nauyi, yana da zafi, kuma babban abin tsoronsa wuta, tun da auduga ce. Wanda ya ɗinka shi ya san cewa ran wani yana rataye a kan ɗinkinsa. Bayan da Malam Ishaku ya ci Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa suka zauna a Zango da Ɓaure, an shafe shekaru masu yawa ƙasar ba ta kwanta ba. A irin wannan zamani babu wanda ke kallon lifidi a matsayin ado. To, sai ga Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 da bindiga mai ruwa, wadda ba ta san da zaman audugar rimi ba. Daga nan lifidi ya rasa aikinsa. Wanda muke gani a hawa yau kwaikwayo ne, an yi shi domin ido, kuma mai ɗinkinsa ya san ba za a harbi kowa ba.

Ba mu kaɗai ke irin wannan ba. A Amurka akwai al'adar ɗinka bargon haɗe-haɗe, wanda yanayin ɗinkinsa ɗaya ne da na lifidi, watau ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, auduga a tsakiya. Matan ƙauyukansu a ƙarni na 19 sukan tara guntayen yadi da tsofaffin tufafi su harhaɗa, domin sanyin ƙasarsu ba abin wasa ba ne. Yau kuwa masaƙu suna buga sababbin yadudduka masu zane da launi irin na zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, ko irin na buhunan gari da matan shekarun 1930 suka riƙa mai da su tufafi saboda talauci. Mace ta sayi sabon yadi lafiyayye, ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta sake ɗinkewa. Wasu ma ba babban bargon suke yi ba, ɗan mitsitsi suke yi, wanda bai wuce kamu ɗaya ba, a rataye a bango. Bargon da ba zai rufe ko ƙafar jariri ba!

Da an kai wa Aflatun, masanin nan na Girka, wannan ƙara, da bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. A littafinsa na Jamhuriya ya kawo misali da gado. A ganinsa gado iri uku ne: akwai ainihin ma'anar gado wadda ba ta canzawa, akwai gadon da kafinta ya ƙera, sa'an nan akwai gadon da mai zane ya zana. Na ukun nan shi ne mafi nisa daga gaskiya, domin mai zane bai san komai game da gado ba sai yadda ya bayyana ga ido, kuma ba a kwanciya a kan zanensa. Bisa wannan ma'auni, lifidin hawa da ɗan bargon bango duk inuwa ce, mai yin su kuwa mai sayar da inuwa.

Ni dai ina ganin Aflatun ya yi gaggawa, kuma yaran unguwarmu sun isa su ba shi amsa. Dubi yarinya mai wasan 'yar tsana. Takan je bakin shagon tela ta tsince ƙyallayen da suka zuba, ta yi wa 'yar tsanarta zane da ɗankwali da ɗan mayafi, ta jera mata kayan ɗaki, 'yar tabarma da ɗan faifai da 'yar tukunya. Dubi yaro kuma, da karan dawa zai ƙera mota, in ruwa ya sauka ya kwaɓa laka ya gina shanu har da tozo da ƙaho. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da amfanin da na gaske ke da shi. Amma wa zai ce yarinyar nan ba ta koyi komai ba? A nan ta fara sanin riƙon allura, a nan ta gane cewa in ba a kalmashe bakin ƙyalle ba zai zare. Aristo, ɗalibin Aflatun, ya saɓa wa malaminsa a daidai wannan wuri, ya nuna cewa kwaikwayo ɗabi'a ce ta ɗan Adam tun yana yaro, kuma ta nan yake fara koyon abubuwa. Ko almajiri ma ta bin hannun malaminsa a allo yake samun nasa hannun.

Kuskuren da ke cikin misalin gadon nan shi ne, an haɗa mai zana abu da mai sake yin abu. Mai zana lifidi a takarda bai san komai ba sai launi, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai ɗinka lifidi, ko da na hawa ne, dole ya san yawan audugar da zai cusa, da tazarar layin ɗinki, da inda za a bar wa ƙafar doki wurin motsi. Yana cikin aikin zai tsinci kansa yana tambaya: me ya sa mutanen da suka ninka ɗinki a nan? Amsar ba ta cikin littafi, tana cikin ƙyallen. Haka nan mai ɗinka ɗan ƙaramin bargo. Ƙanƙantar abin ma ƙara masa wuya take yi, domin kuskuren da babban bargo zai haɗiye, ƙarami tona shi yake yi. Watau akwai wani irin ilmi da ba ya zama a ka, sai a hannu, kuma irin wannan ilmi in an bar yinsa shekara talatin ya tafi ke nan, ko da an cika gidan tarihi da samfurinsa. Maginan ƙasa sun san wannan. Soro na tsayawa ne saboda ana yi masa yaɓe a kai a kai, kuma wurin yaɓen ne yaron magini ke koyon sana'ar ubansa. A Japan akwai wani wurin bauta a Ise da ake sake gina shi sabo duk bayan shekara 20, bisa tsarin na da, an yi na baya a 2013. Katakon sabo ne, amma sanin yadda ake haɗa shi ya haura shekara dubu.

To, in haka ne, shi ke nan an wanke kwaikwayo? A'a, da sauran rina a kaba. Akwai abin da hannu ba ya iya kwaikwaya, shi ne buƙata. Mai ɗinkin lifidi na yau yana iya fin na da iya ɗinki, amma ba ya jin tsoron da na da ya ji. Matar da ta yayyanka sabon yadi ta sayi kamannin talauci da kuɗi, ba tare da ta ɗanɗani talaucin ba. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna harhaɗa tsofaffin wandunan aiki su yi barguna domin 'ya'yansu su kwana da ɗumi. A 2002 aka baje bargunan nan a manyan gidajen nuna zane a Houston da New York, masana suka yi ta yaba tsarin launinsu. Yabon ya dace, ba na musu. Sai dai idon da ke kallon bargo a bango ba ya jin sanyin daren da ya sa aka ɗinka shi, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya fita daga ɗakin kallon yana ganin rayuwar da ta haifi wannan kyau ita ma kyakkyawa ce.

Wannan ne ya kawo ni kan wani kwaikwayon da mu 'yan boko muka fi kowa ƙwarewa a kai, wanda kuma ba ma kiransa da sunansa. Turawa suna da wani lokaci bayan sanyinsu da itatuwa ke toho, mutanen birni su fita ƙauye shan iska. Mu namu shi ne ƙarshen bazara da saukar ruwan farko. A ƙasar Daura wannan yakan zo wajen watan Yuni. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, hadari ya haɗu daga gabas, ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ba shi da na biyu. Cikin 'yan kwanaki hanyar Sandamu ko ta Mai'aduwa ta yi kore, kwaɗi su cika dare da kuka, yara su bi fitila suna kamun gina. Gawo kaɗai ke tsaye ba ganye, kamar mai fushi da damina, alhali manomi ya san wannan halin nasa ne ke barin gero ya sami rana a ƙarƙashinsa. In an ɗan jima zabbi su fara ƙwai, nono ya yawaita. Ɗalibi ya dawo hutu daga jami'a, ko ma'aikaci ya zo daga Abuja, a kawo masa kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, ya ci yana santi, yana cewa ai rayuwar ƙauye ta fi. Wani ma har ya karɓi fartanya ya yi kuyya biyu a ɗauke shi hoto.

Abin da bai gani ba shi ne, wannan lokaci da ya fi kowane kyau a ido, shi ne ya fi kowane tsanani a ciki. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai ko fid da kai ba, farashi a kasuwa ya hau, ga aikin noma yana neman ƙarfi. Tafasar da baƙo ke ci domin marmari, a gidaje da yawa ita ce ke cike gurbin tuwo. Manomin da ya yi binne, watau ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, kallon hadarin da yake yi ba irin na mai sha'awa ba ne, domin in ruwa ya zo kaɗan ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, sai ya nemi wani. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa yabon damina tun tana farko. Saboda haka kuyya biyun da baƙo ya yi, lifidin hawa ce: kamannin noma ba tare da fargabar noma ba.

Kada a fahimce ni da cewa ina hana mutum jin daɗin ruwan farko, ko ina so a daina sa lifidi sai an koma yaƙi. Wanda ya ce ba za a more abu ba sai an sha wuyarsa, ya manta cewa mutanen da sun sha wuyar ne domin na bayansu su huta. Kuma manomin kansa yana jin ƙanshin ƙasa, watakila fiye da baƙonsa. Inda nake ganin kwaikwayo ke rikiɗa ya zama yaudara shi ne lokacin da mai yinsa ya fara ɗaukar kansa a matsayin wanda ya san abin, har ya yi hukunci da wannan sanin. Yarinya mai 'yar tsana ba ta taɓa cewa ta haihu ba. Amma mu mukan dawo daga hutun mako biyu mu rubuta maƙala a kan cewa talakan ƙauye yana cikin wadatar zuci, ba ya bukatar komai, ko mu zauna a ofis mu tsara masa lokacin da taki zai iso, ya iso bayan an yi noman farko. Nan ne inuwar da Aflatun ke tsoro take yin ɓarna, ba a cikin ɗinki ba.

Akwai kuma batun wanda ke cin moriyar kwaikwayon. In ana son lifidi ya ci gaba da fitowa a hawa, to akwai mutumin da ke zaune da allura yana yin sa, kuma sau da yawa sunan mahayi ake sani, ba nasa ba. In abin da yake samu bai isa ya sa ɗansa ya zauna kusa da shi ya koya ba, ilmin hannun da muka ce shi ne hujjar kwaikwayo ya yanke, saura a cusa soso a cikin yadin kanti, a bi da keken ɗinki, daga nesa ba mai ganewa. Ƙungiya irin tamu, wadda ta saba tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana, ba ta cika tura ɗalibi wurin irin waɗannan mutane ba. Ga hutun damina yana tafe. Ɗalibin da ya fito daga Daura ko Zango ko Ɓaure yana iya neman mai ɗinka kayan doki a garinsu, ya zauna da shi, ya rubuta sunan kowane ɗinki da kowane sashe na lifidi kamar yadda mai sana'ar ke faɗa, ya tambaye shi nawa yake kashewa, nawa ake biyansa, da wanda ya koya masa. In ya yarda, ya sa shi ya nuna masa yadda ake ɗinka ɗan ƙarami, kamu ɗaya, da audugar rimi ta gaske a ciki.