Akwatin Jita da Nauyin Amana

A shekarar 2008 mawaƙin nan ɗan ƙasar Kanada, Dave Carroll, ya taso daga Halifax zuwa jihar Nebraska a jirgin kamfanin United. Da suka yada zango a Chicago, wata fasinja ta leƙa ta taga ta ga masu lodi suna jifa da akwatunan jita. Ko da ya buɗe nasa daga baya, jitarsa ƙirar Taylor, ta dala 3,500, ta fashe. Wata tara yana bin kamfanin, aka ce ai bai kai ƙorafi cikin awa 24 ba. A Yulin 2009 ya saki waƙa a YouTube kan lamarin, miliyoyin mutane suka kalla, sannan kamfanin ya neme shi.

Saboda irin wannan ne makaɗa ke sayen akwatin tafiya na musamman: falankin katako mai kauri, an ɗaure gefunansa da alminiyum, kusurwoyinsa da ƙarfe, an yanka soso a ciki daidai jikin jitar don kada ta motsa. Wasu har sassauta tsirkiya suke yi, su cusa tsumma a bayan wuyanta, inda ta fi saurin karyewa.

To, wa ke da alhakin kariya, mai kaya ko wanda ya karɓi kuɗin dako? Saɓanin malamai kan kiɗa magana ce daban. A sa na'urar asibiti a gurbin jitar, tambayar tana nan.

Mai kaya yana da nasa rabon. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya haɗa biyun. Wanda ya sa jita a jakar yadi ya miƙa ta a wurin awon kaya ya yi sakaci da dukiyarsa.

Amma ingancin akwati ba ya sauke nauyi daga kan ɗan dako. A fiƙihu, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ganganci, kuma jifa da kayan mutane ganganci ne ƙarara. Malikiyya sun ƙara gaba: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora wa masu sana'a biyan abin da ya lalace a hannunsu ba a gaban mai shi ba. Dalilin a fili yake. Mai kaya ba ya nan, ba shi da shaida, idan aka bar kowa da rantsuwarsa dukiyar jama'a za ta tafi a banza. Haka fasinja yake, yana zaune a kujera bai san abin da ake yi a ƙasan jirgi ba.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta amince kamfani ya biya, sai dai ta ƙayyade iyakar diyya, wadda sau da yawa ba ta kai kuɗin jita mai daraja ba, sai in an bayyana ƙimarta tun farko an biya ƙari. Wannan ya rage wa kamfani hasara, bai wanke ma'aikacin da ya yi jifa ba, bai kuma wanke shugaban da ya ƙure masa lokaci ba.

Akwai dai hanyar kauce wa hannun masu lodi: tun Maris na 2015 dokar Amurka ta wajabta wa kamfanonin jiragenta barin fasinja ya shiga da jitarsa ciki, muddin akwai wuri a ma'ajiyar sama lokacin da ya hau.