Shaidu Biyu Na Yaƙi: Wanda Ya Tafi Da Wanda Ya Zauna



Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, a kan yi bikin tunawa da mazan jiya a Birnin Kebbi kamar yadda a ke yi a sauran manyan biranen jihohi. A busa begila, a ajiye furanni, tsofaffin soja su jeru da lambobinsu a ƙirji. Da can ran 11 ga Nuwamba a ke yin bikin, bisa al'adar Ingila, daga baya aka mai da shi ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Wannan abu ne mai kyau, gama wanda bai gode wa mutane ba da wuya ya gode wa Allah. Amma akwai tambayar da ta kamata mai karatu ya auna: shin labarin yaƙi mallakar wanda ya ɗauki bindiga ne shi kaɗai, ko kuwa wanda aka bari a gida shi ma yana da haƙƙi a cikinsa?

A fara da wanda ya tafi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, Turawan mulkin mallaka sun ɗebi samari daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato wanda ƙasashen Gwandu da Argungu ke ciki. Waɗansu sun yi yaƙin Habasha, suka tashi daga Mogadishu har Harar a 1941. Waɗansu kuwa aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da Arakan, har aka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Wanda ya taɓa zama kusa da irin waɗannan dattawa ya san abin da bakinsu ya fi komawa a kai: ruwan sama na wata da watanni, kurmin da rana ba ta ratsawa, kayan yaƙi a ka kamar na ɗan dako, abinci da a ke jefowa daga jirgin sama, da abokin da aka binne ba liƙafani. Har yau sunayen can suna manne a ƙofofin barikoki: Dodan a Legas, Dalet a Kaduna, Cindit a Zariya.

To, sai wanda ya zauna. Shi ba a sa sunansa a ƙofar kowane bariki ba. Ruwan Gulbin Rima ba ya jiran soja ya dawo kafin ya malale fadama. Lokacin shinkafa in ya yi, sai tsoho da yaro su shiga laka a madadin ƙarfin da aka ɗauke. Gishiri ya yi wuya, kananzir da akoko suka yi tsada, haraji bai ragu ba, ga kuma gudummawar yaƙi da a ke tarawa ta hannun hakimai da dagatai. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutanen Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Matar soja kuwa ta casa, ta daka, ta yi reno, in takarda ta zo ta nemi mai karanta mata, in ba ta zo ba ta kwana tana lissafi: matar aure ce ita, ko kuwa mai takaba? Haka aka sake yi daga 1967 zuwa 1970.

Shari'a ba ta ɗauki mutumin gida ɗan kallo ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi wa mayaƙi guzuri, da wanda ya tsare masa iyali da alheri, suna da rabo a ladan fitarsa. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, cikin tsananin zafi, dabino ya nuna, Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Sayyidina Ali a Madina ya kula da iyali. Da munafukai suka yi masa gori, Annabi ya kwatanta matsayinsa da na Annabi Haruna a wurin Annabi Musa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wata mata cikin dare tana kukan kaɗaicin mijinta da ya tafi yaƙi, ya nemi shawarar 'yarsa Hafsatu, sa'an nan ya yanka wa'adin 'yan watanni wanda ba za a riƙe soja ya wuce shi ba. Malaman Malikiyya sun ware magana a kan matar wanda ya ɓace: Risala ta Ibnu Abi Zaidi ta ba ta shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara aka gama bincike, sa'an nan ta yi takaba. Duk wannan ya nuna malaman farko sun lissafa hawayen gida cikin kuɗin yaƙi.

Ba a nufin yaƙin Bama daidai ya ke da Tabuka. Yaƙin Bama na Turawa ne, kuma da yawa daga cikin samarin ba su zaɓi tafiyar ba. Amma haƙƙin mace a kan mijinta, da haƙƙin maraya a kan jama'a, ba su canjawa saboda tutar da aka bi.

Ashe ke nan yaƙi yana da shaidu biyu, kuma alƙalin da ya saurari ɗaya ya sallami ɗaya bai yi adalci ba. Sai dai shaida tana da sharaɗi, watau gaskiya. Jarabar tsohon soja ita ce ƙari, kullum aka ba da labarin sai abokan gaba su yawaita, tsoronsa ya ragu. Jarabar mutumin gida ita ce ɓoyo, ya manta da buhun da ya rufe don farashi ya hau, ko gonar ɗan'uwa da ya haɗe da tasa. Maganin duka biyu yana ga Ka'abu ɗan Maliku. Da aka dawo daga Tabuka, mutum tamanin da ɗoriya suka kawo uzuri aka karɓi zahirinsu. Ka'abu ya ce shi ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa kwana 50, tare da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har Allah Ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba. Da bakinsa ya ba da wannan labari, bai rage kunyarsa ba, shi ya sa har gobe a ke karanta shi ana amfana.

Wani zai ce, ina amfanin fama tsohon miki? Ƙasar Kabi ta riga ta amsa. A 1805 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Kabawa suka kafu a Argungu, Yakubu Nabame ya ɗaga takobi a 1849, aka yi ta ɗauki ba daɗi da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su don girmamawa, abin da ya zama bikin kamun kifi na Matan Fada. Kabawa ba su zubar da makaman kakanninsu ba, suna nan a Gidan Tarihi na Kanta. Mutanen Gwandu ba su daina karanta littattafan Abdullahi ba. Kowa ya riƙe labarinsa, ga su kuma cikin jiha ɗaya tun 1991. Mikin da aka wanke shi ke warkewa, wanda aka rufe da datti shi ke ruɓa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne shaidun suna ƙarewa. Mutanen Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, na Yaƙin Basasa kuwa sun haura saba'in. Sababbi kuma suna tasowa, gama tun 2009 a ke tura samari yaƙi da Boko Haram, ga ta'asar 'yan bindiga wadda ta kai ga sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021. A Barikin Dukku da ƙauyukan jihar akwai matan da ke zaman jiran da kakanninsu suka yi.

Saboda haka wanda ke da irin wannan dattijo a zaurensa ya zauna ya saurare shi, ya rubuta, ko da boko ko da ajami. In ya gama, ya shiga cikin gida ya durƙusa gaban tsohuwa, ya ce, Inna, ke kuma yaya kika yi? Liman ya sa matan soja da marayunsu cikin huɗuba, mai zakka ya fara da su, hukuma kuma ta biya haƙƙin mamaci tun marayansa bai bar makaranta ba. Tunawar da ta tsaya ga furanni ba ta cika tukunya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, Ya saka wa waɗanda suka tsare gida, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.