HAƘƘIN NAƘASASSUN ƊALIBAI A MANYAN MAKARANTU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya rarraba ni'imominSa tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu yi magana ne a kan waɗansu 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'i da kwalejoji, watau makafi da kurame da guragu, da sauran waɗanda Allah Ya jarrabe su da wata lalura a jiki. Da yawa daga cikinmu in muka ga ɗayansu a harabar makaranta, sai tausayi ya kama mu, mu sa hannu a aljihu. Alhali kuwa shi ilmi ya zo nema, kuma yana da haƙƙi a kanmu wanda 'yar sadakar da muka miƙa masa ba ta sauke shi.

MAKAHON DA YA ZO NEMAN SANI

Malaman tafsiri sun bayyana cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi. Makaho ne. Ya iske Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka yana kiran manyan Ƙuraishawa zuwa ga Musulunci, sai ya roƙa a sanar da shi wani abu na addini. Manzon Allah yana kwaɗayin musuluntar manyan nan, don haka bai juyo gare shi ba. Sai Allah Ya saukar da ayoyi Yana jan hankalin ManzonSa, Yana nuna cewa wannan makaho da ya taho da gaggawa, yana mai tsoron Ubangijinsa, shi ya fi cancanta a fuskanta bisa ga masu ganin sun wadata.

To, mu lura. Wannan bawan Allah bai zo roƙon abinci ko tufa ba. Ɗalibi ne ya zo wurin malami, kuma saboda haƙƙinsa na ɗalibta aka saukar da ayoyin da za a yi ta karantawa har tashin ƙiyama. Daga baya shi ne ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara isa Madina suna koyar da Alƙur'ani tare da Mus'abu ɗan Umairu. Ya zama ladani tare da Bilalu, kuma ba sau ɗaya ba Manzon Allah ya bar shi yana yi wa mutanen Madina limanci in zai fita yaƙi. Ashe ɗalibin da aka saurara wa, gobe shi ne malami, shi ne liman.

SAUƘI A KAN HANYA

Shari'a ta shimfiɗa mana ƙa'ida a wannan babi, watau duk inda tsanani ya zo, sauƙi na biye da shi. Amma sai mu fahimci inda sauƙin yake faɗawa. Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, yana fama da basir, ya tambayi yadda zai yi salla. Aka umurce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Siffar salla ta sake, amma salla tana nan a wuyansa. Haka kuma Itbanu ɗan Maliku, da ganinsa ya yi rauni, kwari kuma yakan cika da ruwa ya raba shi da masallacin mutanensa, Manzon Allah da kansa ya tako har gidansa ya yi salla a wurin da zai riƙa a matsayin masallaci.

Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata manyan makarantunmu su bi. A sauƙaƙa hanyar da ɗalibi zai kai ga ilmi, shi kuwa ilmin a bar shi da nauyinsa. Gurgu yana da haƙƙin a yi masa hanya mai gangare inda kekensa zai hau, a mai da laccarsa ɗakin ƙasa in babu yadda zai hau bene, a ba shi ɗakin kwana kusa da makewayin da zai iya shiga. Makaho yana da haƙƙin a ba shi takardun darasi da wuri, a rubutun makafi wanda ake karantawa da yatsu, ko kuwa a cikin kwamfutar da za ta karanta masa da murya. Ranar jarrabawa a ƙara masa lokaci, a ba shi amintaccen mai karanta masa tambaya. Kurma yana da haƙƙin a sa masa tafinta mai maganar hannu, malami kuma ya riƙa fuskantar aji, yana rubuta muhimman abubuwa a allo. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya rage wa digiri daraja, kamar yadda sallar zaune ga mai uzuri ba ta zama ɓatacciya.

Magabatanmu sun san wannan. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan Hijira, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai yi masa hidima, ya yanka musu abin da zai raba su da bara. Aikin hukuma ya ɗauke shi. A irin wannan al'umma ne aka sami Aɗa'u ɗan Abi Rabahin, gurgu mai shanyayyen hannu wanda daga baya ya makance, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Wanda duk ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya sha cin karo da sunan Al-A'araj a cikin isnadi, ma'anar wannan laƙabi kuwa mai ɗingishi. Imamu Shaɗibi, wanda masu ilmin ƙira'a suke dogara da littafinsa har yau, makaho ne, ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 bayan Hijira. A kusa-kusan nan Shaihu Abdul'azizi bin Baz, wanda ya rasa ganinsa yana saurayi, ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina, inda malamanmu da yawa suka yi karatu. Da an tare wa waɗannan ƙofa saboda lalurarsu, wa zai iya ƙididdige hasarar da al'umma za ta yi?

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

A nan Nijeriya, cikin watan Janairu na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanka tarar naira miliyan 1 ga ƙungiya ko kamfanin da ya nuna bambanci, ga mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko a haɗa masa duka biyu. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. A shekarar 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Kafin wannan ma, tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman.

To, ina amfanin a buɗe wa yaro ƙofar shiga, sa'an nan ya tarar da matakala ashirin tsakaninsa da malaminsa? Shugaban jami'a da shugaban sashe da malamin aji, kowannensu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Bin hukuma a kan abin alheri wajibi ne. Wanda aka ba shi kuɗin gini ya mance da gurgu, ko malamin da ɗalibi makaho ya roƙe shi izinin ɗaukar muryarsa ya hana don girman kai, ya sani amana ce ya tozarta.

Kada kuma mu Musulmi mu nuna wa hukuma yatsa mu mance da kanmu. Masallatan jami'o'inmu nawa ne keken gurgu zai iya shiga har wurin alwala? A ina ake fassara wa kurame huɗubar Juma'a da maganar hannu? Akwai Alƙur'ani a rubutun makafi, amma kwafi nawa muka ajiye a kan kantar masallaci? Ga wurin waƙafi ga mawadata, ga kuma aiki ga Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi. Ya zo a hadisi cewa taimakon mai raunin gani a kan hanyarsa sadaka ce. Ina ga wanda ya zauna ya karanta masa littafi har ya ci jarrabawa? Izgili da kiran mutum da sunan da ba ya so kuwa, Suratul Hujurati ta haramta su.

NAUYIN DA KE KAN ƊALIBI

Kai kuma ɗana ɗalibi, haƙƙi da nauyi tare suke tafiya. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani makaho ya nemi a yi masa rangwame ya riƙa salla a gida domin ba shi da ɗan jagora. Aka yi masa, amma da ya juya sai Manzon Allah ya kira shi ya tambaye shi ko yana jin kiran salla. Da ya ce yana ji, aka umurce shi ya amsa. Wannan girmamawa ce, domin an ɗauke shi cikakken namiji wanda sahu ba ya cika sai da shi.

Saboda haka ka sanar da hukumar makaranta lalurarka tun farkon zango, a rubuce, kada ka bari sai jarrabawa ta ƙarato. Ka halarci lacca, ka yi aikin da aka ba kowa, ka tsare kayan da aka ba ka aro. Kada ka mai da mai rubuta maka amsa ya zama mai ba ka amsa, domin wannan algus ne, algus kuwa haramun ne ga mai ido da makaho. Kada ka nemi maki da tausayi. Malamin da ya ba ka abin da ba ka ci ba ya cuce ka, ya kuma cuci yaran da za ka koyar gobe.

Iyaye kuma su ji tsoron Allah, su daina ɗaukar yaro mai lalura a matsayin jarin bara. Ƙoƙon bara abincin rana ɗaya yake kawowa, alƙalami kuwa yakan riƙe gida har jikoki.

Daga ƙarshe, mai lafiya ya tuna cewa ido da kunne da ƙafa aro ne. Haɗarin mota ɗaya, ko zazzaɓin dare ɗaya, ya isa ya mai da malami a kan keke, ya zama shi ne mai neman gangaren da ya ƙi ginawa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin da ke kanmu, Ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, Ya sa abin da Ya jarrabe su da shi ya zama ɗaukaka gare su duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.