Ƙofar Gabas ta Dimashƙu

A birnin Dimashƙu, cikin ƙasar Suriya, akwai wata tsohuwar ƙofar ganuwa wadda take tsaye har wa yau. Mutanen garin suna ce da ita Bab Sharƙi, watau Ƙofar Gabas. Romawa ne suka gina ta, suka keɓe ta ga rana, gama tana fuskantar mafitar rana. Baki uku suka yi mata: babba a tsakiya domin ayari da karusai, ƙanana biyu a gefe domin masu tafiya da ƙafa. A shekara ta 635 rundunar Musulmi ta Halidu ɗan Walidu ta ci garin, ta wannan ƙofa kuwa aka ce ya shiga.

Bayan wannan zamanin yaƙe-yaƙe ya daɗe, sai aka toshe babban bakin da ɗaya ƙaramin da duwatsu, aka bar guda ɗaya kaɗai, ɗan matsattse. Ba mu ga laifinsu ba, gama wanda ya sha hari ya san amfanin ƙyaure. Amma ƙofar da aka yi domin ayari ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta karɓi ayari ba. Sai a ƙarni na 20 aka buɗe ta.

Daga bakin ƙofan nan hanya ta miƙe ta ratsa birnin zuwa yamma, wajen mil guda. Ita ce hanyar da Ayyukan Manzanni sura 9 ta ambata, inda Shawulu ya kwana uku makaho, ba ci ba sha. Ubangiji ya aiki Hananiya wurinsa. Hananiya ya ji tsoro, yana kuwa da dalili: mutumin nan ya zo da takardu daga Urushalima domin ya ɗaure masu bi. Duk da haka ya tashi ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa.

'Yan'uwa, a nan maganar ta taɓa mu. A cikin ekklesiyoyinmu akwai waɗanda dā suka zage mu, ko suka hana mu ɗiban ruwa a rijiya, yanzu sun zo suna neman baftisma. Mukan ce a bari tukuna mu gani. Shekara ta wuce, biyu ta wuce, ba wanda ya taka gidansu, ba wanda ya ci tuwo tare da su. Muna kiran wannan hankali, amma sau da yawa tsoro ne, kowane wata kuwa yana ƙara dutse ɗaya a bakin ƙofa. Ko dattawa za su gwada mutum, sai sun je inda yake tukuna.

Kada mu manta abin da ya biyo baya. Da Shawulu ya soma wa'azin Yesu, maƙiya suka yi tsaron ƙofofin birnin dare da rana domin su kashe shi. Almajirai ne suka sa shi cikin kwando da dare, suka zurara shi ta ganuwa, a garin da ya zo yin kame.