Ƙuri'ar Talaka a Teburin Rabon Kujeru

Duk wanda ya taɓa bin layin zaɓe cikin rana ya san abin da ke biyo baya idan aka ƙirga ƙuri'u babu jam'iyyar da ta sami rinjaye. Shugabannin da suka yi wata da watanni suna jifar juna da baƙaƙen maganganu sai su shige ɗaki su ja ƙofa, su fito suna murmushi da jerin sunayen ministoci. Tambayar da na daɗe ina juyawa a raina ita ce: shin wanda aka zaɓa yana da ikon ɗaukar ƙuri'ar da aka ba shi don ya kayar da wani, ya je ya haɗa gwamnati da wannan wanin? Cin amana ne, ko kuwa hikima?

Bari mu auna maganar da abin da ya faru a Sudan. Umbadda babbar unguwa ce a yammacin Omdurman, inda kasuwar Suk Libiya take. Mutanenta da yawa 'yan asalin Kurdufan da Darfur ne, kuma an san ta da yawan Ansaru, mabiya gidan Mahadi. A gefenta ne waɗanda yunwar 1984 da 1985 ta koro suka yi sansani. Da aka kifar da Ja'afar Numairi a watan Afrilu na 1985, aka yi zaɓe bayan shekara ɗaya. Jam'iyyar Umma ta Sadiƙul Mahadi ta sami kujeru kusan 100, jam'iyyar DUP ta gidan Mirgani ta sami 63, jam'iyyar NIF ta Hasan Turabi ta sami 51. A mazaɓu da yawa na Kudu ba a yi zaɓen ba saboda yaƙi. Babu mai iya mulki shi kaɗai, don haka Umma da DUP suka haɗu: Sadiƙu ya zama firaminista, Ahmad Mirgani ya shugabanci majalisar ƙoli ta ƙasa.

A nan ban ga laifin kowa ba. Jama'a ne suka raba ƙuri'unsu, kuma rabuwar ita kanta saƙo ce: ba mu yarda mu danƙa wa mutum ɗaya ragama ba. Wanda ya sami kaso mafi tsoka amma bai kai rabi ba, in ya ce sai dai a yi yadda yake so, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Mutanen Kaduna sun ga irin wannan a jamhuriya ta biyu. Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, majalisar jiha kuma tana hannun NPN. Ba a daidaita ba, majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, har aka tsige shi a watan Yuni na 1981 bai kafa majalisar zartarwa ba. Ko wane ɓangare mutum ya ba gaskiya, jihar ta yi kusan shekara biyu babu kwamishina. Ashe ƙin haɗuwa ma yana da kuɗinsa, kuma talaka ne ke biya.

To, ina matsalar take? A ganina tana cikin abin da aka fara daidaitawa a kai. Mutumin Umbadda da ya zaɓi Umma a 1986 yana jiran abubuwa sanannu: a kawo ƙarshen yaƙin Kudu, a sami sauƙin rayuwa, a warware batun dokokin Satumba na 1983 waɗanda Sadiƙu ya yi zaman kurkuku saboda sukarsu, ya kuma yi alkawarin sauya su. Gwamnatin haɗin gwiwa ta raba ma'aikatu, amma ba ta tsai da magana ɗaya a kan waɗannan ba. Ta watse a 1987, aka sake ɗinke ta. A watan Mayu na 1988 aka shigo da NIF, Turabi ya zama ministan shari'a, alhali a zaɓen 1986 jam'iyyu sun haɗa kai ne suka kayar da shi a mazaɓarsa ta Khartoum. Wanda aka hana kujera ta ƙofar akwati ya same ta ta ƙofar ɗaki.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda zaman lafiya ya koma kayan jam'iyya. A watan Maris na 1986 Umma ta sa hannu a sanarwar Koka Dam tare da 'yan tawayen John Garang, DUP ta tsaya gefe. A watan Nuwamba na 1988 Muhammad Usman Mirgani ya ƙulla tasa yarjejeniya da Garang a Addis Ababa, sai Sadiƙu ya yi ta jan ƙafa, NIF kuma ta ƙi sam. DUP ta fice daga gwamnati a watan Disamba, daidai lokacin da mutanen birni suka fito kan titi saboda ƙarin kuɗin sukari, watanni kaɗan bayan ambaliyar Agusta ta rushe gidajen laka a gefen birnin. Sai da hafsoshin soja suka miƙa takardar gargaɗi a watan Fabrairu na 1989 kafin a kafa sabuwar gwamnati da ta karɓi yarjejeniyar. Kafin a kai ga aiwatarwa, Umar al-Bashir ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yuni, ya zauna shekara 30.

Wani zai ce siyasa ciniki ce, kuma babu ciniki sai kowa ya rage. Haka ne. Amma dillali ma yana da iyaka. In ka ba shi akuya ya sayar, yana iya rage farashi gwargwadon kasuwa, ba ya iya musanya ta da rigar da zai sa wa kansa. Ɗan siyasa yana iya sassauta adadin kujerunsa, ya jinkirta wani aiki, ya zauna da wanda ba ya ƙauna, domin waɗannan nasa ne. Ainihin alkawarin da ya sa aka zaɓe shi kuwa ajiya ce a hannunsa. In tilas ta sa zai bar shi, haƙƙin masu ƙuri'a ne ya fito fili ya ce ga abin da na bari, ga dalili, ga abin da na karɓo muku a madadinsa. Su kuma su yi masa hukunci a zaɓe na gaba.

Saboda haka ma'aunina guda ne: a rubuta aikin kafin a rubuta sunaye, kuma a karanta wa jama'a. Haɗin da ya fara da "me za mu yi" yana da abin da zai riƙe shi ran da rai ya ɓaci. Wanda ya fara da "wa zai samu me" kuwa zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba, kuma yakan watse da zarar wani ya hango kujerar da ta fi tasa. Sau uku Sudan ta ga gwamnatin haɗin jam'iyyu ta ƙare a hannun soja: 1958, 1969 da 1989. Ba na wanke sojan, don wanda ya fasa gida ɓarawo ne ko da masu gidan suna faɗa. Sai dai in bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mutanen Umbadda sun ɗanɗana abin da baki ba zai iya faɗa ba. In Allah ya kawo ranar da za su sake bin layin zaɓe, da wuya jam'iyya ɗaya ta cinye, don haka za a sake shiga ɗaki. Fatana, da su da mu da ke Kano ko Maraɗi, mu koyi tambayar ɗan takara tun yana neman ƙuri'a: in ba ka sami rinjaye ba, da wa za ka zauna, kuma wane alkawari ne ba za ka taɓa ɗora shi a kan teburi ba? Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.