Idan Aka Buɗe Ƙofar, Me Zai Tsare Ka?

Karatun yau: Afisawa 5:15-20

Ga tambayar da za ka yi tunani a kanta yau. Da a ce gobe gwamnati ta janye dokar hana giya, aka buɗe mashaya a bakin titin Ambursa dare da rana, za ka shiga? Idan amsarka ta tsaya a kan tsoron kamu ne kawai, to doka ce take riƙe da kai, zuciyarka kuwa tana nan yadda take.

Dokar giya ta daɗe a ƙasarmu. Tun zamanin Gwamna Lugga Turawa suka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita Arewa. A shekarar 2000, lokacin Gwamna Adamu Aliero, Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara ta kafa shari'ar Musulunci, sayar da giya a fili ya zama laifi. Kada ka raina amfanin wannan. Titin da babu mashaya a kowane lungu ya fi zaman lafiya: faɗan dare ya ragu, mace tana iya dawowa daga addu'ar dare ba wanda ya tare ta da warin giya. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 13 cewa hukuma tana da aiki daga wurin Allah na tsawata wa mugunta. Sai mu gode wa Allah domin kowace doka da take kāre marar ƙarfi.

Amma doka tana da iyaka, kuma sauran ƙasashe sun gwada sun gani. Amurka ta haramta giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933, sai cinikin ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, har aka soke dokar. Ingila ta taƙaita lokacin buɗe mashaya a Yaƙin Duniya na Ɗaya domin ma'aikatan makamai su riƙa zuwa aiki cikin hankalinsu. Daga baya suka ga idan aka rufe ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mashaya suna fitowa titi a lokaci ɗaya, rigima ta tashi. A 2005 sai suka ba da damar neman lasisin buɗewa har awa 24. Sun gwada rufewa da wuri, sun gwada barin ƙofa a buɗe, har yau suna muhawara.

Mu ma a nan haka ne. Wanda ƙishin ya kama shi ya san hanyar kasuwar mami a barikin soja, daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi kuwa ba nisa a kan babur. Inda kwalba ta yi wuya, samari suka koma ga tiramol da maganin tari, har gwamnatin tarayya ta hana kodin a 2018. An toshe rami ɗaya, ɓera ya haƙa wani.

Ga tarkon da ya fi kusa da kai, kai mai bin Yesu. Wani zai ce maka, “Ai shari'ar ta Musulmi ce, ba ta hau kaina ba.” Da wannan magana wasu suka mai da kwalba alamar 'yancinsu, har maƙwabta suka ɗauka Kirista da mashayi abu ɗaya ne. Ka yi tunani: maƙwabcinka ba ya karanta Littafi Mai Tsarki, kai yake karantawa. Ranar da ya gan ka kana tangaɗi, da wane baki za ka yi masa maganar Mai Ceto?

Ka kuma duba wanda yake biyan kuɗin wannan 'yanci. Matarka ce, da ta yi ta jiran kuɗin cefane. 'Yarka ce, da aka koro daga makaranta. Fasinjan da ka ɗauka a babur a kan hanyar Argungu ne, wanda bai san ka sha ba. Shinkafar da ka yi wata da watanni kana wahala a kanta a fadama tana iya ƙarewa cikin mako biyu.

A karatunmu na yau, manzo Bulus bai tsaya ga hana buguwa ba. Ya nuna abin da zai cika gurbin, wato Ruhu Mai Tsarki. Zuciyar da aka bari wofi za ta nemi abin cika ta. Shi ya sa Galatiyawa 5 ta lissafa kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu. Ɗan sanda yana tashi daga aiki, Hisba ba ta shiga ɗakin kwananka, amma Ruhu yana tare da kai ko ka je Legas inda ba mai tambayarka.

Idan kana fama da wannan a ɓoye, kada kunya ta kashe ka. Ka sami fasto ko wani dattijon ikkilisiya a wannan mako ka faɗa masa gaskiya. Idan jikinka ya riga ya saba har kana rawar jiki in ba ka sha ba, ka haɗa addu'a da ganin likita. Idan kuwa Ubangiji ya riga ya 'yantar da kai, kada ka yi wa wanda ya faɗi dariya. Ka je ka ɗaga shi.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhunka, ka ba ni kamun kai a inda ido yake ganina da inda ba mai ganina. Cikin sunan Yesu, Amin.